Albasa Bakwai

Shekarar da na kama aiki a Aliero
na zo da alli, da tsumagiya, da takardar shaida.
Yara sittin da huɗu, tabarma uku.
In na ce ɗaya, su ce ɗaya,
in na yi tari, wasu su yi tari.
Na ɗauka karatu ke nan,
ashe aku nake kiwo ban sani ba.

Arzika ne ya kwance mini zane, a kasuwa kuwa.
Yaron da na zana wa bakwai a allo,
sati uku yana kallonta kamar karyayyen lauje,
shi na tarar bayan tulin albasar innarsa
yana kasawa bakwai-bakwai, hannu ba ya rawa.
Na miƙa ɗari biyar, ya ba ni canji cif,
har ya ɗora gyara:
"Malama, wagga ta ɗara yaji."
Na iso gida, ban yanka ko ɗaya ba,
amma ido ya kawo ruwa.

Washegari tsumagiya ta koma bayan ƙyaure,
can gara ta same ta.
Na zo da kwando: albasar da ta tsiro,
marafan kwalba, ƙwallon goruba, 'ya'yan tsamiya.
Ku taɓa, ku ƙirga, ku raba.
Sai da hannu ya ƙoshi
sannan na miƙe na zana lambar.
Arzika ya dafe kai: "Ashe ita ta!"

Baƙaƙe kuma a gindin darbejiya muka fara su,
yatsa alƙalami, rairayi takarda.
Rairayi ba ya riƙon laifi,
ka shafe da tafi, ka sake, ba mai dariya.
Mun ɗebo yumɓu a bakin kududdufi,
kowa ya gina harafin farkon sunansa,
muka shanya a taga kamar gurasa.
Da harshen da aka yi musu rarrashi a goye nake shiga.
Turanci baƙo ne, zai zo,
sai mai gida ya zauna ake yi wa baƙo shimfiɗa.

Luba ta yi zango guda ba ta ce uffan ba.
Na daina tsaya mata a ka,
na durƙusa har idona ya zo daidai nata,
na yi tambaya, na haɗiye harshena,
ina ƙirga goma a zuci, in sake goma.
Wata Laraba, can ƙasan maƙoshi:
"Akuyarmu ta haifi biyu."
Yadda ta faɗa na rubuta, ban ƙara gishiri ba.
Shi ne karatun ranar,
aji duka ya karanta akuyar su Luba.

Malam Nomau, shugabanmu, ya leƙo fuska a murtuke:
"Aji ne nan ko tashar mota?"
Na ce shigo, akwai kanti a lungu.
Ya sayi gwangwanin madara da marafi shida,
Hakilu ya riƙe masa riga: saura biyu.
Ya lalube aljihu, ya fita yana murmushi.

Ba na ce na gama ba.
Kwano na yoyo, lokacin cirar albasa rabin aji na gona,
hankalin ɗan shekara biyar kuwa inuwar tsakar rana ne,
kafin ka gyara zama ta matsa,
sai mu tashi mu yi tsallen kwaɗo mu dawo.
Jabbi har yau ukunsa na ba mu baya.
Na bar ta, gobe ma rana ce.
Na kulle aji, gyalena na warin albasa.